Daga motar langa-langa zuwa Hot Wheels: Fijo 504 a tafin hannu

Da na koma gida Gummi hutun da ya wuce, data ta kusa ƙarewa, amma sai da na ɓata minti ashirin ina kallon wani Bature a TikTok yana fasa motar wasan yara. Motar ba ta fi tsawon yatsa ba. Ya kifa ta, ya sa ɗan injin huji ya cinye kan ƙusoshi biyun da suka riƙe ta daga ƙasa, sai ta rabu huɗu: gangar jiki, gilashi, kujeru da gindi. Ya wanke tsohon fenti, ya goge, ya fesa sabo, ya sauya tayoyi. Da ya gama, ka rantse mota ce ta gaske aka ɗauko hotonta daga nesa.

Ni kuwa dariya ta kama ni. Ai wannan sana'armu ce tun muna firamare! Duk wanda ya tashi a Gummi, Anka ko Bukkuyum ya san motar langa-langa. Gwangwanin madara ne jiki, tsohon silifas a yanka shi ya zama taya, murfin kwalba ya zama fitila, a kafa doguwar waya a lanƙwasa kanta ta zama sitiyari. Wanda bai samu gwangwani ba ya yi da karan dawa. Bambancin kawai, mu da mun girma muka bari, su kuwa manya ne masu gemu ke yi, har da kasuwarsu.

Irin waɗannan motoci zubi ake yi musu, kusan kamar yadda maƙera ke zuba tukwane, sai dai a masana'anta injin ne ke tura narkakken ƙarfe da ƙarfi cikin mazubi, kuma yawancinsa tutiya ce. Matchbox ta fara a Ingila a 1953, kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels a 1968. Idan ka ga an rubuta 1:64, ana nufin motar gaske ta ninka ta sau 64 a tsawo. Akwai 1:43, akwai 1:18 wadda har ƙofofinta ke buɗewa.

Masu harkar sun kasu biyu, kuma ba su cika shiri ba. Masu tarawa ba sa ko buɗe kwali, don da an buɗe daraja ta faɗi. Masu gyara kuwa burinsu su fasa. Don haka kafin ka huda motar da ka tsinta a gwanjo, duba tayarta. Idan akwai jan layi a kewaye, tana iya zama cikin Hot Wheels na farko, na 1968 zuwa 1977, waɗanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo. Shekarar da ke rubuce a gindin motar kuma kada ta ruɗe ka, ta zanen ce, ba lallai ta ƙirar ba.

Abin da ya dame ni da bidiyoyin nan shi ne motocin. Mustang, Camaro, Porsche. Wa ya taɓa shiga Camaro daga Gusau ya bi ta Anka da Daki Takwas? Tsoffin motocin da suka yi zamani a wajenmu daban ne. Akwai Fijo 504, wadda ita ma a 1968 ta fito a Faransa. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina ta. Akwai a-kori-kura mai ɗaukar buhunan gero da fasinja a sama, akwai Marsandi 911 mai bodin katako da zanen zaki ko dawisu a baya, akwai kiya-kiya. Kamfanin Norev na Faransa yana yin ƙananan 504, amma tsaf-tsaf suke fitowa kamar ba su taɓa shiga rami ba. Wadda muka sani tana da kariya a sama, kaya ɗaure da igiyar roba, baya ya ɗan zauna saboda lodi, jar ƙasa ta rine ƙofofi. Baturen TikTok ba zai iya wannan ba, don bai taɓa zama mutum huɗu a kujerar tsakiya ba. Mu ne za mu iya.

To na ce bari in gwada. Na sayi tsoffi guda uku a wajen mai kayan wasan gwanjo a Gusau, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kama gurzar fentin ɗaya da samfefa. Ɗan yayata, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba, yana gefena yana tattara abin da ke zuba. Sai ga Gwaggo, wadda ta yi zaman aure a ƙasar Anka, ta fito daga ɗaki. Ta sure yaron, ta karkaɗe masa hannu, ta dube ni: "Kai wanga yaro, mi kaka yi da wagga ƙura kusa ga jinjiri?"

Na so in ce ai motar wasa ce, amma na yi shiru. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen zinare ake niƙawa a cikin gidaje, dutsen kuma cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yara suka kai ta baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan matasa sun matsa wa gwamnati da gangamin #SaveBagega a soshiyal midiya.

Ba ina cewa fentin ƙaramar mota ya kai dutsen Bagega ba ne. Amma Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Amurka sai a 1978 ta hana fenti mai dalma a kayan wasa, kuma a 2007 Mattel da kanta ta janye dubban ɗaruruwan wata ƙaramar motar ƙarfe mai suna Sarge, ta fim ɗin Cars, saboda dalma a fentinta. Motar gwanjo ba ta zuwa da takarda, ido kuma ba ya gane fenti mai guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Haka wayar liƙi ta masu gyaran rediyo, wadda wasu ke manna kariya da ita, galibi akwai dalma a ciki.

Tun ranar na sauya tsari. A bayan gida nake aiki, nesa da madafa da yara. Ina jiƙa samfefa da ruwa don kada ƙura ta tashi, in shimfiɗa leda in naɗe ta bayan na gama, in sa takunkumi lokacin feshi, in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci. Maimakon liƙin wuta, gam nake sawa.

504 dai ban same ta ba tukuna. Cikin ukun akwai wata mai buɗaɗɗen baya, ita na mayar a-kori-kura: fari da shuɗi, bodi da tsinken tsintsiya, buhuna uku da ƙyallen atamfar Inna. Taya ɗaya ta ɓace wajen fasawa, sai na yanko tsohon silifas na sa mata. Tana kan taga a ɗakina na makaranta, ta ɗan karkata hagu.