Cikon Haƙori: Kafin Ka Ce "A Cire Shi In Huta"

Mutumin da haƙori ya hana barci ba ya ciniki. Da sassafe yake isa asibiti, hannu dafe da kunci, ido ja wur, kalmarsa ta farko ga likita ita ce, "Don Allah a cire shi in huta." Likita ya leƙa da ɗan madubinsa, ya girgiza kai, ya ce da watanni shida baya aka zo, da ciko kawai za a yi, cikin rabin awa an gama. Wannan magana ita ce jigon duk wani lissafin kuɗin haƙori: zurfin ramin ne ke yanke farashi tun kafin likita ya buɗe baki.

Mu fara kawar da zancen tsutsa. Babu wata tsutsa da ke cin haƙori, kuma wanda ya turara maka hayaƙi a bakin kasuwa ya nuna maka wasu fararen abubuwa a cikin kwanon ruwa, dabarar hannu ya yi maka. Abin da ke faruwa shi ne, a bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ke maƙale a dattin da ke jikin haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye farin ɓawon haƙori. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Mai kurɓar shayi mai sukari sau biyar a wuni, da yaron da minti ba ya barin bakinsa daga makaranta har gida, haƙoransu ba sa samun sararin farfaɗowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2 ne ke da ruɓewar haƙoran girma da ba a yi wa magani ba.

Ɓawon nan na waje ba shi da jijiya, shi ya sa rami ke fara cinsa shiru. Idan ya ratsa zuwa sashe na biyu, mai ɗan taushi, sai ka ji tsam in ka sha ruwan sanyi ko ka tauna dabino, nama kuma ya riƙa maƙalewa a wuri guda kullum. To, wannan ne lokacin ciko. In aka bari ramin ya kai ɗakin jijiya da ke tsakiya, ciwo ya koma zuwa da kansa cikin dare yana bugawa kamar ganga, ciko kaɗai ba zai yi ba. Sai dai a kwashe jijiyar a wanke saiwar a toshe, aikin da kan ɗauki zuwa biyu ko uku, sau da yawa a ɗora wa haƙorin hula, kuɗinsa kuma ya ninka na ciko sau da dama. Ko kuma a cire.

Cirewa ita ce mai araha a ranar. Amma giɓin turmi ba ya zama haka nan: maƙwabtansa su karkato, abokin taunarsa na sama ko na ƙasa ya zazzago, mutum ya koma tauna da gefe guda. Ranar da ya nemi haƙorin roba ko dashe, zai gane cewa araha ba ta ado.

Farashin ciko ba ɗaya ba ne, ko da a asibiti guda. Ana duba fuska nawa ramin ya ci. Wanda ke saman turmi kawai bai kai wanda ya gangara tsakanin haƙora biyu wahala ba. Akwai kuɗin kati, akwai na hoto idan ana son ganin zurfin ɓarnar. Sannan kusan duk kayan ciko daga waje ake shigo da su da dala, don haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 lissafin da ka sani a da ya tashi daga aiki. Asibitocin gwamnati da na koyarwa sun fi sauƙi a aljihu, sai dai layi da jiran rana. Masu zaman kansu sun fi sauri, sun fi tsada. Mai katin inshorar lafiya ya tambaya tun a teburin karɓa wane irin ciko katinsa ya ɗauka, kada sai ya kwanta a kujera.

Sai abin da za a zuba a ramin. Wanda iyayenmu suka sani shi ne baƙin ciko, amalgam, wanda a gaskiya launin azurfa gare shi kafin ya dushe. Garin azurfa da kuza da tagulla ne ake kwaɓawa da zaiba, ita ce kusan rabin nauyinsa. Zaibar nan dai ita ce wadda masu haƙar zinariya ke kama gwal da ita. Fiye da shekara 150 ana aiki da shi, kuma ba a banza ba: yana jure tauna, yana kai shekara 10 zuwa 15, wani ya zarce, bai cika damuwa da ɗan yawu a lokacin sa shi ba, kuma ya fi farin ciko araha. Aibinsa, ba ya manne wa haƙori, sai an sassaƙa masa gurbin da zai riƙe shi, wani lokaci har da ɓangaren da lafiyarsa lau. Ga muni idan aka yi dariya.

Duniya na sallamarsa yanzu, kuma babban dalilin shi ne zaibar da ke bin magudanar ruwa daga asibitoci ta shiga ƙasa da koguna. A 2013 aka ƙulla Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, mai sunan garin Japan inda a 1956 aka gano cutar da ta nakasa masu cin kifin da dagwalon wata masana'anta ya gurɓata da zaiba. Najeriya da Nijar duk suna cikinta. A 2022 ƙasashen suka amince a kauce wa amalgam ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu juna biyu, da masu shayarwa, sai in likita ya ga babu makawa. Tarayyar Turai ta hana shi daga Janairun 2025, a Nuwamban shekarar kuma taron ƙasashen yarjejeniyar a Janeba ya tsayar da 2034 a matsayin wa'adin daina shi.

A nan sai an yi hattara, domin labarin nan ya buɗe wa wasu kasuwa. Idan kana da baƙin ciko da ke zaune daram, bai tsage ba, gefensa bai ruɓe ba, kada wani ya tsorata ka ka biya kuɗi a ƙwaƙule shi. Lokacin ƙwaƙulewar ne tururin zaiba ya fi tashi, kuma duk cikon da aka sauya sai ramin ya ƙara faɗi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma, da ta ja kunnen masu juna biyu da masu ciwon ƙoda game da sabon amalgam a 2020, ba ta ce a cire tsohon da ke lafiya ba.

Farin ciko, wanda likitoci ke kira kwamfozit, shi ne abin yayi. Wani irin ƙullun roba ne haɗe da garin gilashi, ana zaɓo launin da ya dace da haƙorinka, a shafa gam, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan ana haska masa shuɗiyar fitila yana daskarewa. A haƙoran gaba ba shi da abokin takara, kuma da yake mannewa yake yi, ba a ɓarnar haƙori wajen sassaƙa. Amma ɗan gata ne. Ɗigon yawu ko jini a lokacin aiki ya isa ya hana gam kamawa, sannan yana ɗan tsukewa in ya daskare; in hannun bai ƙware ba sai a bar siririyar kafa a gefe, ruɓewa ta koma ta ƙarƙashi ba ka sani ba. Shi ya sa yake cin lokaci, yake cin kuɗi. Goro da shayi da taba kan rina gefensa. A ganina, wanda zai sa farin ciko a babban ramin turmi ya fi kyau ya damu da wanda zai yi aikin fiye da sunan kamfanin da ke jikin kwalin.

Akwai na uku da ba a cika ambata ba, alhali ya fi dacewa da halin da ƙauyukanmu ke ciki. Simintin gilashi ne, gilas ayonoma, wanda aka fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1970. Yana kama haƙori da kansa ba gam, yana kuma sakin sinadarin fuloraid a hankali yana ƙarfafa bangon ramin. A Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙirƙiro hanyar sa shi ba injin huda, ba lantarki: a kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan cokalin ƙarfe, a kwaɓa, a cika, a danne da yatsa cikin safar hannu. Yaro ba ya jin ƙarar da ke sa shi kuka. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Rauninsa, bai da ƙarfin amalgam, yana sudewa a babban ramin da ake tauna a kai. Amma a haƙoran yara, da ƙaramin rami, da wanda ke wuyan haƙori kusa da dasashi, yana biyan buƙata.

Cikon zinariya da na tangaran, waɗanda ake auna ramin a kai wa maƙera su ƙero, suna daɗewa ƙwarai, kuɗinsu kuma na masu hali ne. Kada a haɗa su da haƙorin Makka na alhazai, wancan ado ne.

Na wucin gadi kuwa, ni kaina ya taɓa kayar da ni. Shekarun baya wani turmina ya yi rami mai zurfi, likita ya share ya cusa wani farin abu mai ƙamshin kanumfari, ya ce, "Malam, wannan na mako biyu ne, mu ga ko jijiyar za ta lafa. Ka dawo." Ƙamshin ba daɗin baki ba ne, man kanumfari ne a ciki, irin wanda kakanninmu ke dannawa a haƙori mai ciwo. Zafi ya ɗauke, na ce ai an gama, na ci kuɗin komawa a wata hidima. Bayan kusan shekara ina taunar aya a mota na ji ƙas, na tofo rabin haƙori a tafin hannuna. Abin da na biya daga baya ya sayi ciko huɗu. Laifina ne tsaf. Duk wanda aka yi wa ciko ya tambaya ƙarara: na dindindin ne ko na wucin gadi? Da me aka cika, kuma me ya sa aka zaɓe shi? Kuɗin ya haɗa da hoto da allurar kashe zafi? In ya faɗo bayan wata guda, wa zai biya gyara? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ka kuma tabbata likitan haƙori ne mai rajista, ko jami'in kula da haƙora da aka horar, domin kayan aikin da ba a dafa ba na iya ɗauko maka ciwon hanta.

In allura ta sake ka ka ji cikon ya yi tudu, shi ke fara haɗuwa in ka rufe baki, koma a goge. Aikin minti biyar ne, barinsa kuma na sa haƙorin tsami. Ɗan jin sanyi na kwanaki ba komai ba ne. Ciwon da ke ƙaruwa shi ne abin komawa.

Kafin a kai ga asibiti kuma, a bar ɗiga ruwan batir a rami, a bar danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Ƙuna suke yi, kuma jijiyar da ta yi shiru bayan an ƙone ta ruɓewa take a ciki ta tara mugunya. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara ko zazzaɓi ya rufe mutum, wannan ya wuce zancen ciko da farashi. A kai shi sashen gaggawa a daren, kada a jira gari ya waye, domin irin wannan kumburi yana toshe hanyar numfashi.