Ginshiƙan Mulki a Daular Madina da Tasirinsu a Ƙasar Kabi

Gabatarwa

Daular Musulunci ta farko ta kafu ne a Madina bayan hijirar Annabi Muhammadu (SAW) a shekarar 622. Wannan darasi zai duba ginshiƙai uku da aka ɗora mulkinta a kansu, sannan ya nuna yadda suka bayyana a tarihin Birnin Kabi da Argungu.

Ginshiƙan Mulki

Na farko shi ne alkawari. An rubuta yarjejeniyar da ake kira Sahifar Madina tsakanin Muhajirai da Ansaru da Yahudawan garin, aka fayyace haƙƙin kowane ɓangare da nauyin da ke kansa wajen tsaron birni. Sulhun Hudaibiyya na 628 ya ƙara tabbatar da cewa ko abokin gaba ana ƙulla alkawari da shi, a kuma cika.

Na biyu shi ne shawara. A Yaƙin Gwalalo, a 627, shawarar Salmanul Farisi aka bi aka haƙa rami a gefen Madina.

Na uku shi ne bin diddigin masu mulki. Da aka naɗa Sayyidina Abubakar a 632, ya nemi jama'a su gyara masa idan ya kauce. Sayyidina Umar kuwa yakan binciki dukiyar gwamnoninsa.

Tasirinsu a Ƙasar Kabi

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci cin Birnin Kabi a 1805, ya damu ƙwarai da son duniya da ya fara gani a tsakanin mayaƙan jihadi. Ya kama hanyar gabas, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki. Yayansa, Shehu Usmanu, ya soki gadon sarauta ba tare da shawara ba, da karɓar gaisuwa, a cikin Kitabul Farƙi. Ma'aunin da malaman biyu suka riƙa shi ne zamanin Annabi da halifofinsa.

Amma cin gari bai kawo zaman lafiya ba. Kabawa suka sake kafa sarautarsu a Argungu, aka shafe shekaru ana gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Hutun da talakawa suka samu ya zo ne ta hanyar alkawari, wato sulhun shekarun 1860 da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. A 1934 kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka karɓe shi da bikin kamun kifi. Daga wannan ziyara bikin ya samu martabar da aka san shi da ita.

Kammalawa

Tun 1991 masarautun Gwandu da Argungu suke cikin jiha ɗaya, Jihar Kabi, tare da Yawuri da Zuru, inda ake da kabilu da addinai daban-daban. Irin wannan jama'a ba ta zama lafiya sai da alkawarin da kowa ya amince da shi, da shawara, da shugaban da ake iya tuhuma. Malami zai iya fara koyar da hakan tun daga yadda ake zaɓen shugaban aji da yadda ake bayyana kuɗin da ɗalibai suka tara.

Aikin Yi

Kwatanta Sulhun Hudaibiyya da Lafiyar Toga.