Daga Filin Ƙwallo Zuwa Bencin Majalisa

Duk filin da ya rage babu gini a unguwar Makama da ke Yola, da la'asar za ka tarar samari sun mayar da shi filin ƙwallo. Amma da wuya ka ga wanda ya haura shekara 35 a cikinsu. Yayyensu, waɗanda su ma jiya-jiya suka sha ƙurar wannan fili, suna can majalisa a kan benci, ana shan shayi ana hirar siyasa. Da safe keke napep ko mota ta ɗauki mutum daga ƙofar gida zuwa ofis ko shago a Jimeta, da yamma ta dawo da shi. In tumbi ya fito, abokai su ce hutu ya samu, kuɗi sun zauna.

Likitocin zuciya sun daɗe da daina yi wa zama irin wannan kallo. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas masu hawa biyu, kusan mutum 31,000. Direba yini yake a kujera, kwandasta kuwa hawa da sauka yake yi a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su.

Binciken da ya fi ba ni mamaki shi ne na birnin Dalas a Amurka. A 1966 aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku, ba ciwon komai, don kawai a ga abin da kwanciya ke yi wa jiki. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar numfashi lokacin aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan, sun zama magidanta 'yan hamsin, aka auna su. Ashe kwanciyar mako ukun nan ta fi shekaru talatin ɗin yi musu ɓarna. Aka sa su atisaye na wata shida, sai ga shi sun koma inda suke kafin a kwantar da su suna samari. Mutum biyar ba yawa ba ne, amma binciken da ya biyo baya bai ƙaryata su ba.

Abin da ke faruwa a ciki ba ɓoyayye ba ne. Manyan jijiyoyin jini na yaro suna da taushi, suna buɗewa su koma da kowane bugun zuciya. In shekaru suka ja babu motsi, sai su sandare kamar tiyon da aka yar a ranar Yola, zuciya ta riƙa tura jini da ƙyar, hawan jini ya samu ƙofa. Tsoka ma haka: daga shekara 30 take fara raguwa a hankali, kuma ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke yawo a jini bayan an ci tuwo. Tsoka ta ragu, tumbi ya ƙaru, ciwon suga ya matso.

A 2018 Dokta Benjamin Levine da abokan aikinsa, su ma a Dalas, suka duba mutanen da suka haura 60. Waɗanda suka yi shekaru suna motsa jiki sau huɗu zuwa biyar a mako, manyan jijiyoyinsu ba su sandare kamar na sa'o'insu ba. A shekarar dai suka ba da rahoton wani gwajin a kan masu shekara 45 zuwa 64 da ba su saba motsi ba: atisayen shekara biyu ya dawo wa zuciyarsu da taushi. Irin wannan gwaji a kan waɗanda suka wuce 65 bai yi tasiri haka ba. Wato shekarun da mutumin Makama ke komawa benci su ne daidai shekarun da gyara ke yiwuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Manomin rani a Geriyo da makiyayin da ke bin shanu sun wuce nan tun kafin azahar. Matsalar tana kan ma'aikaci da ɗan kasuwa, da kuma uwargida, wadda injin niƙa da famfo suka sauke mata daka da jan guga, alhamdu lillahi, amma ba a ba jikinta wani abu a madadinsu ba. Ita ba ta da fili, sai tsakar gida. Zagaye shi da sauri na rabin awa ma lissafi ne.

Zafi uzuri ne na gaskiya a nan, domin a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Maganinsa bayan asuba, da gorar ruwa a hannu. Kunya ta fi zafi wuya. Dattijo ya fito yana sassarfa, maƙwabci ya tare shi: "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Ba sai an yi gudu ba, tafiyar da za ta ɗaga numfashi amma ta bar mutum ya iya amsa gaisuwa ta wadatar. Mai hawan jini ko ciwon suga, da wanda ke jin nauyi a ƙirji ko jiri in ya yi sauri, ya fara zuwa asibiti a auna shi, sannan ya soma da minti goma, yana ƙarawa mako bayan mako.