Daga Kakuri Zuwa Duwatsun Kagoro: Ina Hanyar Mai Keke?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya san Kakuri da Makera a shekarun 1970 ya san cewa unguwannin masu keke ne. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sa'an nan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, ma'aikata suka riƙa kwararowa daga Nasarawa da Barnawa da Tudun Wada, mafi yawansu a kan basukur. In jiniya ta busa lokacin canjin aiki, sai titi ya cika da ƙarar ƙararrawa, mai mota kuwa dole ya yi haƙuri har ayarin ya wuce. A wancan zamani, saurayin da ya sayi Raleigh sabo ful ya kai matsayin da za a saurare shi a gidan surukai.

Abin bai daɗe ba. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya sa masu yawa suka jingine keke suka hau babur, kuma a shekarar nan ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan Kakuri ɗin. Daga nan sai hawan keke ya zama alamar rashi. Masaƙun su ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya: Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Titunan da aka yi ta shimfiɗawa tun daga lokacin, ba a yi su da mai keke a zuci ba. Ko Ministan Sufuri na Tarayya, marigayi Cif Ojo Maduekwe, da ya tashi haiƙan yana kiran jama'a su koma wa keke, sai da mota ta ture shi cikin lambatu a Abuja a 2001, aka mai da maganar abin dariya.

To, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, dariyar ta ragu. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a Sabon Tasha ko Narayi, wanda ofishinsa ke ƙetaren kogi, ya fi kowa sanin abin da kuɗin mota ke ci daga albashinsa. Da yawa za su so hawan keke, amma wa zai jefa kansa tsakanin tirela da tankar mai a kan hanyar Kachia da sassafe?

Wannan tambaya ce ta sa ya kamata mu dubi abin da waɗansu ƙasashe suka yi. A can sukan keɓe hanya ta musamman wadda babu mota babu babur a kanta, sai mai keke da mai tafiya a ƙasa, kuma galibi a kan tsohon layin dogo suke yin ta. Dalili kuwa a fili yake. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, saboda haka injiniyoyin da suka shimfiɗa layin sun riga sun fasa duwatsu, sun cike kwari, sun gina gadoji, yadda hawan zai zo sannu a hankali. In aka ɗebe ƙarafan aka zuba kwalta, sai dattijo da yaro su haye ƙasar duwatsu ba tare da sun sauka sun tura ba.

Shahararriya a cikin irin waɗannan hanyoyi ita ce Vennbahn, mai tsawon kilomita 125, wadda ta tashi daga birnin Aachen na Jamus, ta ratsa dazuzzuka da tuddan gabashin Beljiyam, ta ƙare a arewacin Luxembourg. Layin jigilar kwal da tama ne tun ƙarni na 19. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Beljiyam shi, har da sassansa da suka bi ta cikin ƙasar Jamus, shi ya sa mai keke kan ƙetare iyaka sau da yawa bai ma sani ba. Jirgi ya daina bi, ciyawa ta rufe layin, sai ƙasashen uku suka haɗa kuɗi suka gyara, aka kammala a 2013. Yanzu tsofaffin tashoshi sun koma wuraren cin abinci da masaukin baƙi.

Amma a ganina misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Ingila. Tsakanin 1979 da 1986 masu aikin sa kai suka mai da tsohon layin da ke tsakanin Bristol da Bath, mil 13, ya zama hanyar keke. Ba baƙi masu yawon buɗe ido ne suka fi cika ta ba, mutanen gari ne masu zuwa aiki da makaranta. Ranar hutu kuma su ɗin dai ne ke fita shan iska da iyalinsu.

Mu kuwa ba mu rasa ƙasar da za a nuna wa baƙo ba. Mutum na barin Sabon Tasha ya wuce matatar mai, ƙasa za ta fara canja kama. Daga Kujama zuwa Kajuru manyan duwatsu ne birjik, kuma a kan ɗaya daga cikinsu ne wani Bajamushe ya gina gidan nan mai kama da fadar sarakunan Turai na da. In aka nausa kudu sosai, sai itatuwa su yi kauri, ruwan sama ya ƙaru, har a iso gindin duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu kowace shekara. Kusa da Kafanchan akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a Matsirga, gaba kuma ga gandun dajin Nimbia mai dogayen itatuwan katako. Ƙauyen Nok ma, wanda mutum-mutumin yumɓunsa ya sa duniya ta san tsufan wayewar ƙasar nan, yana wannan yanki. Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma sanyi ya sauko, babu tafiyar da za ta fi wannan daɗi.

Akwai layin dogo da ya bi wannan ƙasa, wanda ya tashi daga Tashar Kaduna Junction a kudancin kogi ya bi ta Zonkwa zuwa Kafanchan, an kuma gama shi a shekarun 1920. Sai dai kada wani ya yi gaggawar cewa a tumɓuke shi. Duk da jirgi ya yi ƙaranci a kansa, layi ne da manoman citta da masara ke bukatar ya farfaɗo, ba a binne shi ba. Abin da ake iya nema shi ne filin da doka ta keɓe a gefensa. Layin da aka yi watsi da shi ɗungum shi ne ƙaramin dogon nan na Zariya zuwa Jos ta Rahama, wanda aka yi don jigilar kuza aka kuma rufe a 1957. Da an yi tunani a lokacin, da yanzu muna da tamu Vennbahn ɗin mai hawa har kan tsaunin Filato.

Babbar matsala dai ba ta kwalta ba ce. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, a watan Yuli na shekarar kuma suka shiga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia, wato a daidai bakin ƙasar da muke magana a kanta, suka tafi da yara fiye da ɗari. Ranar 28 ga Maris, 2022 aka tare jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna. Uban da ya ji waɗannan ba zai bar ɗansa ya shiga daji a kan keke ba, kome kyan hanyar, kuma ba a ga laifinsa ba. Duk jami'in da ya zo da taswirar hanyar shaƙatawa zuwa Kajuru bai fara da maganar tsaro ba, takarda kawai ya ɓata.

Saboda haka a fara daga cikin gari, inda idon jama'a yake. Bakin Kogin Kaduna ta ɓangaren Barnawa, da gefen layin dogo daga tasha zuwa Kakuri, su ne wurare biyu da suka rage waɗanda za a iya ratsa kudancin gari ba a haɗu da babbar mota ba. Hanya mai faɗin mita uku ta isa keke biyu su gifta juna. Ba sai an yi kwalta tun farko ba, burji mai kyau da aka daddaɓe ya wadatar, muddin an ɗaga ta sama da inda ruwa ke kaiwa, don kowa ya san halin kogin nan a watan Agusta da Satumba. A dasa maina da mangwaro a gefe, a bar wa masu faci da masu shayi gurbi, gama kasancewarsu a wurin ma tsaro ne.

Akwai abu biyu da za su iya kashe aikin tun yana jariri. Na ɗaya 'yan acaɓa da masu keke mai ƙafa uku, waɗanda ranar da aka buɗe hanya ranar za su mamaye ta, in ba a kafa turaku a kowace mashiga an kuma sa mai gadi ba. Na biyu shi ne fili. Gefen dogo na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wato na Gwamnatin Tarayya, alhali tsara gari da ba da izinin gini aikin hukumar KASUPDA ne ta Jiha. Kafin waɗannan biyu su zauna a tebur ɗaya, masu shaguna da masu bulo suna ta matsowa, kuma kowace katanga da aka ɗora a bana sai an yi shari'a ko an biya diyya kafin a rushe ta baɗi.