Daga Achaba Zuwa Teburin Gyaran Waya

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta)

Yau batun aikin yi ga matasa za mu taɓa, kuma yawancin hirar tamu a Kano za ta tsaya.

Bankin Raya Afirka ya daɗe yana faɗin wani lissafi: duk shekara matasa miliyan 10 zuwa 12 ne ke isa munzalin neman aiki a wannan nahiya, amma guraben aikin albashi da ake buɗewa ba su fi miliyan 3 da ɗoriya ba. Sauran fa? Suna nan suna buga-buga. A Najeriya sama da kashi 80 cikin 100 na masu aiki ba su san albashin ƙarshen wata ba, balle fansho. A 2023 ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya yadda take ƙidaya, ta ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako, mai aiki ne. Nan take rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33 zuwa kashi 4 da 'yan kai. A takarda ke nan. A majalisar unguwa kuwa, ba wanda ya tashi daga kan benci. Saboda haka mu bar ƙidayar kawuna, mu tambayi abu biyu game da kowane aiki: wa yake iya shigarsa, kuma zai kai baɗi?

Mu fara da achaba. Lokacin da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje, masaƙun Kakuri a Kaduna su ma suka bi sahu, babur ne ya kwashe waɗanda aka sallama da 'ya'yansu. Ba a tambayarka takardar makaranta, ba sai kana da wani a sama ba. Yaro zai baro ƙauye bayan girbi, cikin mako guda ya fara kai kuɗin cefane gida. Ta fuskar buɗaɗɗiyar ƙofa, ga maza dai, ba a yi sana'a kamarta ba.

Ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai hari kan ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur. Dalilin tsaro ne, kuma ba za a ce babu shi ba. Amma ku dubi abin da ya rage a hannun ɗan achaba da ya shekara goma a kan titi: ciwon baya, tari, da sanin lunguna. Ba shi da wata ƙwarewa da zai ɗauka ya kai wani wuri. Masu hali suka koma A Daidaita Sahu, keken da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fara kawowa domin ɗaukar mata. Sai dai kuɗin keken ya ninka na babur, don haka mafi yawan direbobi na wani suke ja. Kullum sai an cire kuɗin mai, an cire balas ɗin mai keke, an biya haraji, sannan a ga abin da ya saura. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan sauran ya ƙara tsukewa.

(Kiɗa, gajere)

Gwamnatin tarayya ta zo da nata maganin a 2016, wato N-Power. An fara da matasa 200,000 masu takardun manyan makarantu, daga baya suka kai 500,000, ana ba kowa alawus na naira 30,000 a wata, yawanci suna koyarwa a firamare. A faɗi gaskiya, kuɗin sun yi rana. An yi aure da su, an biya haya, wasu masu dabara sun shiga adashe sun tayar da jari. Amma tun farko na shekara biyu aka tsara shi, kuma makarantun da suka koyar ba su da gurbin riƙe su. A 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, a Oktoban 2023 kuma aka dakatar da shirin domin bincike. Ga wani abin lura: babban ɓangaren shirin na mai digiri ne ko mai takardar malanta ko difloma, kuma ta intanet ake cike fam. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani, da yarinyar da aka cire daga aji uku, ko layin ba su shiga ba.

Yanzu ku biyo ni kasuwar waya ta Farm Centre. Kafin Agustan 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a ƙasar nan, kusan babu wannan sana'a. Ba wata hukuma da ta zauna ta tsara ta. Mutane ne suka sayi waya, waya ta faɗa ruwa, gilashi ya fashe, wurin caji ya lalace, dole a nemi mai gyara. Sai tsohon tsarinmu na maigida da yaronsa ya karɓi sabon abu. Uba zai kamo hannun ɗansa ya kai wa wani ya ce, ga amana. Yaro zai fara da shara da aike, ya koma kwance waya, ya koyi riƙe ƙarfen lanƙaya dalma, har ranar da maigida zai bar masa teburi ya tafi masallaci hankali kwance. Daga nan sai maganar yaye.

Wannan aiki ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce, domin mai biyan kuɗin shi ne mai waya, kuma abin da yaro ya koya yana kansa da yatsunsa. In an tashi kasuwar gobe, zai kafa teburi a Gaya ko Maraɗi ya ci abinci.

Kada dai mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Yaro yakan shekara uku yana aiki a kan kuɗin abincin rana kawai. Wani maigidan ba ya son yaye, don yana tsoron kishiya a gefensa. Wanda aka yaye kuma sau da yawa ba shi da kuɗin rumfa da kayan aiki, ga janareta na cinye ribar. Sannan ku zaga layin masu gyara, ku ƙirga mata. Da wuya ku cika yatsun hannu, alhali mata da yawa ba sa sakin jiki su miƙa wa namiji wayar da ke ɗauke da hotunansu da sirrinsu. Kasuwa ce a kwance tana jiran mai ɗauka. Abin da ya hana shi ne babu inda uba zai kai 'yarsa koyo ya samu natsuwa. Mace ɗaya da ta ƙware, aka ba ta shago da wutar sola a cikin unguwa, za ta iya yaye wasu matan ba tare da kowa ya saɓa al'adarsa ba.

Haka batun masu buƙata ta musamman. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati, amma guraben nawa ne gaba ɗaya? A nan Kano, waɗanda shan inna ta taɓa sun kafa ƙungiya suna walda, suna ƙera kekunan hannu da 'yan'uwansu ke hawa. Gyaran waya ma aikin zaune ne; matakalar shiga kasuwa da kuɗin mota su ne shingen.

Akwai abin da aka gwada a Kaduna da ya kamata a sa wa ido. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa hannu da masu sana'a na kasuwar Panteka, inda ake ƙira da walda da kafinta, domin a jarraba abin da mutum ya koya a wurin maigidansa, a ba shi takardar shaidar ƙwarewa wadda hukuma ta yarda da ita. Da wannan takarda mai walda zai iya neman kwangila, ko aiki a kamfani, ko rance, maimakon a ɗauko wani daga waje a ce namu ba su da shaida. Ba a raba wa kowa keken ɗinki a gaban 'yan jarida ba, shi ya sa ba ku ji amonsa sosai ba. Masu gyaran waya na Farm Centre, da makanikan Kofar Ruwa, da mata masu turara shinkafa a Kura, duk irin wannan shaidar za ta yi musu amfani, tare da wutar da za ta tsaya daga safe zuwa la'asar.

Nan za mu dasa aya a shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)