Me Ya Sa Zogale Ke Yin Rassa Idan An Datse Kansa?

A Kajiji da ke ƙaramar hukumar Shagari, duk mai zogale a gida ya san halinsa. Idan aka ƙyale shi, sai ya miƙe siriri, ganyen ya tafi sama inda hannu ba ya kaiwa. Amma da zarar an datse kan, cikin 'yan makonni rassa za su ɓullo ta kowane gefe, ganyen kwaɗo ya wadata. Iyayenmu sun daɗe suna yin haka. Mu kuwa sai a darasin ilimin halittu muka gane dalili.

Tsirrai suna da sinadaran da ke sarrafa girmansu. Mafi shahara shi ne oksin, wanda ake samarwa a ƙolin toho da ƙananan ganye. Daga can yake gangarowa zuwa saiwa, yana bin ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya. A gindin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ƙofofi da ke miƙa shi ga wadda ke ƙarƙashinta. Tafiyar ba ta da sauri, kimanin santimita 1 a awa guda, kuma a cikin kara ta nufi saiwa kawai.

Muddin oksin na saukowa, idanun da ke jikin kara barci suke yi. Datse kai ya toshe mafarinsa ke nan. Daga nan wani sinadari, saitokinin, wanda akasari ke tasowa daga saiwa ta jijiyoyin ruwa, zai tashe su su zama rassa.

A 1880, Charles Darwin da ɗansa Francis sun rufe kawunan 'yan tsiron ciyawa a Ingila, suka ga sun daina karkata wajen haske. A 1926, Frits Went ɗan ƙasar Holan ya tatso sinadarin daga kan tsiron hatsin oti.

Wannan hanya ɗaya ce ta sa mai dasa rogo ke kula kada ya kifa kara: ko an juya shi, saiwa ta fi son fitowa daga asalin gindinsa, inda oksin ke taruwa.

Ku gwada da kanku. Ku shuka wake biyu a gwangwani, ku tsinke kan ɗaya, ku bar ɗayan. Bayan mako biyu ku ƙirga rassan kowanne, ku kai wa malaminku sakamakon.