Yadda cocin Katolika ke koya wa matasan Dabai fifita imani a kan dukiya

A Dabai, cikin masarautar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, ba abin mamaki ba ne a tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a cikin dangi guda. Mabiya ɗariƙar Katolika na wannan yanki suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kontagora ne, wanda ya haɗa wasu sassan jihohin Neja da Kebbi. An kafa shi a 1995, Paparoma Francis ya ɗaga shi zuwa cikakken dayosis a 2020, kuma Bishop Bulus Dauwa Yohanna ke jagorantar sa tun 2012. Cikin darussan da limaman cocin da malaman katikizim ke koya wa 'yan shekara 13 zuwa 19, akwai guda da ya fi sauran wuyar shiga kunne a wannan zamani: cewa darajar mutum ba ta cikin aljihunsa.

Tushen darasin labari ne da ke sura ta 10 ta Bisharar Markus. Wani mai dukiya ya tambayi Yesu abin da zai yi ya sami rai madawwami. Da aka lissafa masa dokoki, ya ce tun yana yaro yake kiyaye su. Sai aka ce masa ya sayar da abin da ya mallaka, ya raba wa matalauta, ya bi Yesu. Mutumin ya juya cikin baƙin ciki, domin dukiyarsa na da yawa. A nan ne aka kawo misalin raƙumi da kafar allura, siffar da mai karatu Musulmi zai tuna da ita a Suratul A'araf, ko da yake a can an kawo ta ne a kan masu ƙaryatawa da girman kai. Bisharar Matiyu ta bayyana cewa mutumin saurayi ne, shi ya sa ake yawan ɗauko labarin idan ana magana da matasa.

Wasu na zaton cocin na yabon talauci ne. Ba haka ba ne. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta ɗora laifin a kan son kuɗi, ba a kan kuɗin ba. Tun 1891 Paparoma Leo na 13, a wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, ya kare haƙƙin mutum na mallakar dukiya da haƙƙin ma'aikaci na samun albashin da zai riƙe iyalinsa. Abin da ake so matashi ya gane shi ne wanne ke gaba da wanne: in neman kuɗi ya ci karo da gaskiya, wanne zai saki? Ɗan kasuwar da ya san bambancin riba da algus, ko ma'aikacin da aka taɓa miƙo wa na goro, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Wadatar zuci ce dai, da sunan da kowane Bahaushe ya san ta.

A ƙasar Zuru wannan darasi ya tarar da shimfiɗa tun kafin zuwan mishan. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da al'adar golmo, inda saurayi ke yin noma a gonar iyayen yarinyar da zai aura har tsawon shekara bakwai, tare da tsararrakinsa. Ba a tambayar abin da ubansa ya tara. Ana duba juriyarsa ce, da haƙurinsa, da yadda yake riƙe fartanya. A bikin Uhola na bayan girbi ake nuna waɗanda suka kammala. Mutane da dama na danganta shaharar 'yan Zuru a aikin soja da wannan horo. Cocin bai karɓi dukkan abin da ke tattare da al'adar ba, musamman abin da ya shafi bautar gargajiya, amma malamin da ke da basira zai iya ce wa yaro: kakanka ya yi shekara bakwai yana zufa kafin a kira shi namiji, kai kuma wa ya ce maka za a yi arziki a dare ɗaya?

Amsar tana cikin wayar da ke hannunsa. Can yake ganin sa'anninsa na Legas da Abuja suna watsa kuɗi a wajen biki, can ne cacar ƙwallo take, can ne ake koyon damfara ta intanet. Manya ma ba su tsira ba: MMM ya rufta da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ya maimaita a Afrilun 2025. Wannan ya sa cocin ya sami abin nuni a Carlo Acutis, ɗan Italiya daga gidan masu hali, gwanin kwamfuta, wanda ya rasu a 2006 yana da shekara 15, aka kuma ayyana shi waliyyi ranar 7 ga Satumban 2025. An san shi da taimakon marasa matsuguni a birnin Milan da 'yan kuɗin da ake ba shi. Ga yaron da ke ganin waliyyai tsofaffi ne masu gemu na zamanin da, wannan sa'ansa ne.

Akwai kuma horo a aikace. Daga Larabar Toka ake shiga kwana 40 na azumi da addu'a da sadaka kafin Ista, kuma dokar cocin ta ɗora ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na wannan lokaci a kan duk wanda ya cika shekara 14. Manufar ita ce yaro ya saba da hana kansa abin da yake so, ya miƙa abin da ya rage ga wanda ba shi da shi.

Sai dai a ganina, wahalar darasin ba daga matasan kaɗai take ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga na addabar sassan masarautar, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin gari. Yaron da aka kore wa ubansa shanu, aka kuma kasa biya masa kuɗin jarrabawa, in aka ce masa kada ya damu da abin duniya, zai ji kamar ana yi masa ba'a. Ga irinsa, wa'azin sai ya zo tare da buhun dawa ko gurbin koyon sana'a kafin ya sami wurin zama.

Sannan matasa suna da ido. A coci-coci da dama na ƙasar nan, ranar bikin godiyar girbi da gwanjon da ke biyo baya, ana kiran sunan mai bayar da kuɗi mafi tsoka da lasifika, a zaunar da shi a gaba, ba tare da an tambayi inda ya samo ba. Sura ta 2 ta Wasiƙar Yaƙub ta tsawatar a kan ainihin wannan hali, na ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar matalauci a tsaye. Yaron da ya ji labarin saurayi mai dukiya a ajin katikizim ranar Asabar, shi ne kuma ake sa wa ya jera kujerun manyan baƙi da safiyar Lahadi.